Gadon da Aka Yi don Tafiya

Ranar wata Alhamis ce cikin marka, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba. Mun dawo daga gona da azahar, ni da Kaka, kowa da ɗaurin tafasa a ka, ruwa ya yi mana dukan tsiya a hanya. Kaka ta shiga ɗaki ta matse zanenta, ta ce bari ta miƙe bayanta kafin la'asar. Ina bakin ƙofa ina tsinke ganye sai na ji wata ƴar ƙara, irin ta busasshen kara in akuya ta taka. Na leƙa, sai ga Kaka zaune daɓas a ƙasa tsakiyar sanduna, ƙafafu a sama, garin itace na zuba mata a ka. Ni da wautar ƙuruciya na fashe da dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi dariya ba. Ta jawo ƙafar gadon guda ta danna da babban yatsa, yatsan ya nutse. Gara ta cinye cikin itacen tas, ta bar mana ɓawo.

A wancan zamani babu garin Dakoro yadda kuka san shi. Tungarmu ƴan gidaje ne na shinge, da rijiya ɗaya mai zurfin tsiya, da gonakin hatsi, sai daji iya ganinka. Babana manomi ne, iyayensa daga kudu suka hauro neman ƙasar noma. Innata kuwa Buzuwa ce, ɗiyar makiyaya. Ban san fuskarta ba, don ana yaye ni ba da daɗewa ba ta rasu. Da labari ya kai wa uwarta can arewa, sai ta ɗaura kayanta bisa takarkari ta taho, ta ce damina ɗaya za ta yi ta ga marainiya ta tsaya da ƙafarta. Damina ɗayan nan ce ta yi ta haihuwa har na yi wayo. Sunanta Lalla, amma ni Kaka na sani.

Cikin kayan da ta zo da su babu abin da ya kai gadon nan daraja. Ba irin namu ba ne na kara. Ƙafafu huɗu ne gajeru masu faɗin kai, sai sanduna biyu masu kauri da ake gicciyawa a kansu, kowace da kawuna masu faɗi kamar faifai, an yi musu zane da wuta. Bisa waɗannan ake jera dogayen sanduna, a shimfiɗa asabari, a ɗora tabarma. Ba ɗauri, ba komai, kowane itace yana zaune ne a gurbin ɗan'uwansa. Mace ɗaya takan kwance shi ta ɗaure kafin a gama dama fura. Uwar Kaka ce ta ba ta shi ranar aurenta, kuma kowace sanda da labarinta: wannan tabon raƙumi ne ya taka a wata rijiya, wannan baƙin wuta ce ta lasa shekarar da aka kai musu hari. Na haddace su kaf tun kafin in haddace Fatiha.

Tsakanin Kaka da Baba akwai kunyar surukai, irin wadda yanzu sai dai labari. Ba su cin abinci inda ɗaya zai ga ɗaya. In suka yi kaciɓis a hanyar rijiya, Baba zai faɗa cikin gero ko da ƙaya. Magana kuwa ni ce bakinta. Kaka za ta ce, "Dije, ce ma mai gidan ga hatsi ya ƙare," alhali yana zaune bayan zana, taku kaɗan, yana jin komai. Ni kuma in zagaya da muhimmanci in maimaita masa, in kawo amsa. Ina son aikin nan ƙwarai, don nakan ɗan ƙara gishiri inda ya yi mini daɗi, su duka suna ji, ba mai iya ƙaryata ni. Zama gidan suruki ba ƙaramin abu ba ne ga mace irinta, amma ta samo wa kanta mafita. Takan ce, "Tsakar gida tashi ce, rumbu nashi ne, amma in na hau gadon ga, gidana nike."

Matan tungarmu sun sha gaya mata ta ɗora ƙafafun gadon bisa tsingaro, ta barbaɗa toka, yadda kowa ke yi. Sai ta kalle su ta gefen ido ta ce gadon ya girmi iyayensu, gara ba ta taɓa saninsa ba. Gaskiya ta faɗa kuwa. Abin da ba ta lura ba, su ma ba su lura ba, shi ne a can arewa gadon bai taɓa yin wata guda a wuri ɗaya ba. Kafin gara ta ji ƙanshinsa an ɗora shi a bayan dabba an yi gaba. A ɗakinmu ne ya fara zama, shekara da shekaru, ƙafafunsa cikin ƙasa mai laima. An yi shi don tafiya, mu muka zaunar da shi.

Washegarin faɗuwar, Baba ya aiko ni in ce zai ɗaura mata sabon gado da hannunsa. Na kai saƙo da murna, a zatona magana ta ƙare. Kaka ta ja mayafi ta rufe baki. "In kwanta bisa gadon surukina? Gara ƙasa ta tsage in shige." Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta ce in kwashe itatuwan in kai murhu. Daga nan ta rage cin abinci, ta daina yi mini waƙa in tana tsefe mini kai. Bayan ƴan kwanaki ta kira ni ta ce, "Ce ma mai gidan ga, macen da ba ta da gado baƙuwa ce, baƙo kau raɓa ne. In makiyaya sun sauko cin kara bayan girbi, zan bi su." Ranar ce na fara ƙin aikina. Na zagaya zana, na faɗa ba ƙari ba ragi. Baba ya dubi fartanyar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ce mata Allah shi kai mu." Ba shi da bakin roƙonta, ita ma ba ta da kunnen ji daga gare shi.

Sauran daminar nan ban ji daɗin komai ba. Gero ya yi kai, yara muna hawa rumfar gona muna korar tsuntsaye da ihu da kaɗa duma, da yamma ƴan mata su kafa gaɗa a dandali, da safe mu tafi allo gindin aduwa. Ina cikinsu, amma idona na kan zangarniya, don na san ranar da ta nuna, ranar ce za a fara ƙirga mini kwanakin Kaka. Itatuwan kuwa ban kai murhu ba. Na tura su cikin rufin rumfar awaki, duk sa'ad da aka aike ni rijiya sai in zari ɗaya in bi ta gidan Baba Bawa.

Baba Bawa tsoho ne masassaƙi, shi ke yi wa tunga ƙotar fartanya da akushi da muciya. Kakana ne na wasa, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "matata". Da sandunan suka taru, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan gizago, yana kara kunne. Masu kauri biyun lafiya lau suke. Dogayen gara ta ci bakunansu, tsakiya na nan da rai. Ƙafafu kam sun mutu murus. Ya ce, "Matata, gado za shi hita, amma gajere. Ƙahwahu ne babu. Kirya nike so, wadda gara ba ta ci, dajinmu kau babu ta. In ubanki ya samo daga kudu, tsohuwa za ta ce itacen suruki ne." Na tsaya ina murza bakin zanena, can na ce na san inda kirya take.

Turmin Inna ne. Ya tsage tun tana da rai, bayan rasuwarta Baba ya kife shi bayan ɗakinsa. Ba a daka a ciki, ba a zama a kai, kaza ma in ta hau korarta yake. Nan yake zuwa ya zauna a ƙasa in ya dawo gona, ya jingina bayansa. Na same shi can da magariba ta kusa, na faɗa masa abin da nake so, ina jiran tsawa. Ya kau da kai, ni kuma na gaji da tsayuwa na tafi. Washegari da hantsi na fito zan kai awaki, sai na ga wata shara mai faɗi a kan jiƙaƙƙen rairayi, alamar an gangara abu mai nauyi. Na bi ta daga bayan ɗakin Baba, ta ƙofar gida, har bakin rumfar Baba Bawa.

Aikin ya ci sauran damina. Baba Bawa ya bi tsagar turmin ya raba shi huɗu, ya sassaƙe kowane yanki ya fitar masa da gurbin da sanda za ta zauna. Kirya taurin kai gare ta, yana sara yana tsine mata, yana cewa duk sadakin da zai biya na aurena ke nan. Ya datse ruɓaɓɓun bakunan dogayen sandunan ya daidaita su. Ni aikina gogewa da rairayi da shafa man shanu, wanda nake ɗiba a tandun Kaka da sunan kitso. Guntayen da suka rage ma bai bar su ba: ya fitar da maratayin ƙwarya mai ƙahoni, da ɗan matashin kai, da wata ƴar tsana marar hannu da na goya har ta yi baƙi.

Aka yi girbi, makiyaya suka sauko, hayaƙinsu ya tashi a gonaki. Kaka ta ƙulle ƴan kayanta ta ajiye bakin ƙofa. Ranar da ta tafi zangonsu don ta ji yaushe za su ɗaga, muka shiga ɗakinta ni da Baba Bawa muka haɗa gadon, ƙafafu bisa tsingaro, toka kewaye. Baba bai shigo ba, amma na ga inuwarsa bayan zana.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gadon. Sannan ta shiga ta bi sandunan da hannu, ta sami tabon raƙumi, ta sami lasar wuta. Ta hau ta miƙe, sai ga ƙafafunta sun zarce, suna reto. Ta ce, "Wanga ba tsawona ba ne." Ta sauko, ta durƙusa tana duba ƙafafun. Baba Bawa bai taɓa cikinsu ba, ya bar shi da santsin da taɓarya ta yi masa. A jikin ɗaya akwai ɗan zanen wuta, shaidar da ita da kanta ta sa ranar da za a kai ɗiyarta ɗakin miji. Ta ɗora tafin hannu a kai, ta sunkuya har goshinta ya taɓa itacen. Ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka ba sai ran nan, kuma ba sauti.

"Wa ya ba da turmin ga?" in ji ta. Na ce Baba ne, shi ya gangara shi da kansa. Ta share ido da gefen mayafi, ta juya wajen zana ta ce, "Dije, ce ma mai gidan ga..." Na tsaya ina jiran saƙo, saƙo bai zo ba. Can daga bayan zana muryar Baba ta fito a hankali: "Na ji."

Kaka ta jawo ni ta kwantar bisa gadon, ta duba kai ta duba ƙafa, ya yi mini daidai har da saura. Ta ce, "Itacen uwata bisa itacen ɗiyata. Naki ne, ɗakin ga ma naki ne. Kina ba tsohuwa aron gefe?" Na ce sai in ta kwance ƙullin da ke bakin ƙofa. Ta ce ashe mai gidan tata marowaciya ce, ta tashi ta kwance.

Tun daga nan, duk ranar Juma'a da safe sai ta tashe ni: "Tashi, Dije, ƙaura ta kama." Mu kwance gadon, mu fito da shi rana, mu zagaya bayan ɗaki da sanduna a ka, ni gaba ita baya, maƙwabta na dariya. Sannan mu koma mu kafa shi a wata kusurwa. Ita ke faɗin inda muka sauka: yau Azawak, wani mako gindin duwatsun Abzin. Cikin ɗaki guda na zaga ƙasar uwata kaf. A gadon nan ta yi sauran kwanakinta, gwiwoyi a naɗe, har na yi aure na haihu ta ga ɗana.

Yau Dakoro ta zama gari, motoci na shiga na fita, abu in ya karye a jefa juji a sayo wani. Sandunan sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, ƙafa guda ce ta rage mini, a kanta nake ɗora fitila. Ɗana ya sawo mini gadon ƙarfe daga Maradi, mai tsawo, ƙafata ba ta kai ƙarshensa. Duk Juma'a nakan sa jikokina su ja mini shi zuwa wani gefen ɗaki. Suna ja suna ƙunƙuni, ƴan lakwal masu ilimin boko, suna cewa, "Kaka, gara fa ba ta cin ƙarhe." Na sani sarai. Ba don gara nake yi ba.