Wa Zai Taka Ciyawa Kafin Inji, Kawu?

Ranar Talata, huɗu ga watan Yuni, da hantsi, Nuala ta kira ni a waya ta ce babanta ya cika. Kawu Malachy Geraghty, yayan mahaifiyata, ya bar duniya yana da shekara tamanin da uku. Ina kan tarakta a filin wani maƙwabci labarin ya same ni. Na kashe inji.

Kawu, a yankinmu na Mayo, nan ƙasar Turawa, ba a taɓa haƙa kabarin maƙwabci babu shebur ɗinka ba. Da mahaifina ya rasu, wata biyu kana tatsar shanunmu kafin naka, ko shayi ba ka tsayawa sha sai Inna ta tare ƙofa. Amma abin da aka fi tsokanarka da shi shi ne zomo, domin ba ka barin injin yankan ciyawa ya shiga filinka sai ka taka shi da ƙafa, layi-layi, da sanda a hannu.

Kai ka koya mini cewa zomo biyu ne a ƙasar nan. Na rami a ƙarƙashin ƙasa ake haifarsa, tsirara, makaho. Na sarari kuwa a kan ciyawa uwarsa take ajiye shi, da gashinsa, idonsa a buɗe, bakin kunnensa baƙi. Sau ɗaya take zuwa ba shi nono, da faɗuwar rana, sauran yinin yana kwance shi kaɗai. In ya ji motsi ba ya gudu, lafewa yake. Ka ce tun daga Fabrairu suke haihuwa har Satumba, saboda haka babu watan yankan ingirici da fili yake wofi. Kakarmu ma ba ta yarda a ci namansa ba, wai tsofaffi kan rikiɗa su zama zomo, mutum bai san wace tsohuwa ce a cikin fatar ba. Kana yi wa zancen dariya, amma ban taɓa ganin ka ci ba.

Bara ne na ɓata tsakaninmu, kuma zan faɗa ko da ba ka ji. Na zo yanka maka ciyawa, hadari ya taso daga teku, filaye biyar na jirana, kai kuwa kana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Na leƙo na ce, "Haba Kawu! Da wannan tafiyar hawainiyar sai Kirsimeti mu gama."

Ka ce, "Sauri ya haifi nawa, Fintan. Ba ni rabin sa'a."

Ban ba ka ba. A zagaye na uku na ji ƙara ta ratsa rurin inji, sak kukan jariri. Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Na sauko na tarar inji ya sare ɗan zomo, sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Na rami ne, Kawu, sun ma yi yawa." Ƙarya na yi, kuma ka san na san ƙarya ce. Ka ɗauko shi a tafin hannunka, ka ce, "Dubi idonsa. Ni na koya maka." Ba ka zage ni ba, da ma ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nuala ta ce kwana huɗu uwar tana zuwa wurin da yamma, tana zama a kan kututturen ciyawa, kai kuma kana tsaye a bakin katanga kana kallonta. Da yankan ciyawa na biyu ya zo, baƙo ka ɗauko ya yi maka. Ni da taurin kaina na ce ba zan lallashi tsoho a kan ɗan zomo ba. Shekara guda muna haɗuwa a ƙofar coci, ɗaga hula kawai. Kullum ina cewa Lahadi mai zuwa.

Ranar jana'iza, da motar gawa ta tsaya a ƙofar filinka kamar yadda aka saba, wata zomanya na zaune tsakiyar hanyar shanu, kunnuwa a miƙe. Ba ta motsa ba har muka wuce. Tsofaffi suka yi alamar gicciye. Ni dai na sunkuyar da kai.

Bayan an binne ka Nuala ta ja ni gefe. Ta ce a kujera ta same ka, takalmin roba ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Fili za ka taka. Da safen ranar da ka cika ka ce mata, "Kira mini wancan mai kunnen ƙashin, ya zo Laraba ya yanka."

Jiya na taka filinka da kaina, tun daga safe har rana ta karkata. Na sami 'yan zomo biyu, sun lafe suna kallona. Ban san nawa na tsallake ba, idona ba naka ba ne. Sau biyu na tayar da inji, sau biyu na kashe. Ciyawar tana nan a tsaye, shanun Nuala kuma za su buƙace ta in sanyi ya zo.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya ba ka hutawa ta har abada, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba Nuala da 'ya'yanta da Inna haƙurin rashinka. Ni kuwa roƙona ɗaya ne, kuma na makara da shi shekara guda: ka yafe mini.