Ranar da Inna Dikko Ta Zo Mana a Bushe

Kome daɗewa ba ni mantawa da ranar da munka kusa sallamar Inna Dikko da takardar "babu komi". Ku ƙannena da kunka zo aikin nan bayanmu, ku saurara.

Ni matron ce a matarniti, gidan haihuwa, wato mai taimakon ungozomar likita da muke ce ma sajfam. Sama da ita akwai majo, shugaban gidan. Ni ce ta ƙasa: wankin kayan aiki, kiran layi, fassara. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na yi goyo biyar na riƙe alli.

Lokacin an kawo mana sabuwar sajfam daga Yamai, Madam Ramatu, yarinya mai ƙwazo, ba ta taɓa haihuwa ba. Macen da ta zo da kukan fitsari na kuɓuce mata, ga tsarin: a tambaye ta, ta kwanta, ta yi tari a ga ko zai fito, a duba ko mahaifa ta sauko, sannan a sa yatsa a ce ta matse. Ana son a yi gwajin da fitsari a mara, don haka Madam kan ce, "Kin zaga yanzu?" Su ce a'a, kuma gaskiya sunka faɗa. Su yi tari, ko ɗigo. Har ta fara cewa matan ƙasar nan ta Kurfai da ƙarfe anka yi su. Ni kuwa na san irin ƙarfen.

Ranar kasuwar Filingue Inna Dikko ta zo, Bafillatana mai haihuwa tara, daga wata ruga wajen Sanam. Ta bar tallan nono, don da ta ɗaga ƙwarya zane ya jiƙe. Sallah ɗaya sai ta yi mata alwala uku. Mijinta zuwa ɗaya ya yarda da shi, in an ce babu komi, ta koma ke nan har kabari. Ta yi wani ɗan tari na kunya, kamar na kyanwa. A bushe. Madam ta ɗauki biro.

Na dubi leɓenta duk ya tsage. Na ce, "Inna, yaushe rabonki da ruwa?"

"Tun la'asar jiya. Mota ba ta tsayawa don tsohuwa."

Madam ta juyo gare ni. "Tanti, ƙaƙa kinka sani?"

Shekara nawa ina ɓoye abin nan, ko maigidana bai sani ba. Na ce, "Don ni ma haka nike yi in za ni Baleyara. Duk waɗanda kinka sallama, ƙishirwa kinka auna."

Ta aje biro a hankali.

Munka ba Inna ruwa moɗa biyu, ta zauna inuwa awa guda. Da ta koma gado, tarin dai na kyanwa ne. Ni 'yar Arewa ce, ƙasar Arawa, tsakanin Arawa da Fulani kuwa akwai wasa. Na ce, "Bafillatana, shekara talatin kina tsarma mana nono da ruwa, yau ga ruwan ya zo ramuwa."

Ta ce, "Ji ɗiyar bori. Ku da ko madarar jaki anka ba ku sai kun yi godiya."

Ta so ta riƙe, dariya ta ƙwace mata, abin da muke nema ya zubo har ƙasa. Ta rufe fuska da gyale. Madam ta ce, "Inna, wannan ya fi min kyautar rago."

Ba irin yoyon nan ba ne mai zuba dare da rana, wanda sai an yi aiki. Naman ƙasa ne ya saki, mahaifa ta ɗan leƙo. Madam ta ce ta matse. Inna ta matse ido, ta matse haƙora, ta matse hannuna, wurin da ake so kuwa yana barci. Na raɗa mata, "Kamar iska ta taso miki kina gaban surukinki."

Madam ta ce, "To, ta kama. Har yatsana."

Majo ya ƙwanƙwasa yana tambayar dariyar mi ake. Na ce, "Darasi ne, Majo, kuma ba ka da kayan aikin."

Anka tsara mata: matsa goma bayan kowace sallah, kowace ta riƙe ta ƙirga biyar. Ta matse kafin tari ko ɗaukar kaya. Tulu ta bar ma matan ɗiyanta, ruwa kuma ta sha. Ta dawo bayan wata uku, in babu sauƙi a tura ta Yamai. Madam ta dube ni ta ce, "Tanti, ke ma hau gadon." Na hau.

Bayan girbi ta dawo. Ba ta warke sarai ba, amma ta koma talla, alwala ɗaya na kai mata sallah.

Abin da na koya shi ne, matanmu sukan share ciwonsu kafin su zo likita, kamar yadda ake share ɗaki don baƙo. In mace ta zo muku a bushe, ku tambayi wahalar da ta sha kafin ta bushe. In kuma kun ga tsohuwar matron ta daɗe bisa tabarma bayan sallama, fuska a murtuke, ku bar ta. Ba addu'a ta tsawaita ba, tana kan matsa ta bakwai ne.