Gemun Sahabi Mai Albasa

Sahabi dillalin albasa ne a kasuwar Yelwa ta ƙasar Yawuri, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. An haife shi a wata unguwa ta bakin Kwara, wadda ruwa ya cinye bayan an datse kogin a Kainji, yana ɗan saurayi aka kwaso su zuwa tudu. Ya tashi mai raha da sakin hannu, manoman da ke kawo albasa a jirgi suna son hulɗa da shi. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya: furfura. Bai kai arba'in ba gemunsa ya yi fari fat kamar auduga. Direbobin da ke zuwa lodi daga kudu Baba suke kiransa, har da waɗanda suka girme shi. Ranar da abin ya fi ƙona masa rai, ya raka matarsa Zulai'atu bakin jirgi za ta biki Ngaski, wani baƙo ya durƙusa ya yi masa sannu da ɗawainiyar ɗiya.

Shekarar da aka yanke Jihar Kabi daga Sakkwato, ƙungiyar masu albasa ta ce kowa ya kawo hoto a yi sabon kati. Sahabi ya ce shi kam ba zai shiga sabuwar jiha da tsohon gemu ba. Wani direba ya kawo masa wata 'yar kwalba mai baƙin gari, a kwaɓa da ruwa a shafa. Ya shige ɗakin ajiyar albasa bayan azahar, ya fito la'asar da gemu baƙi wuluk. Duk wanda ya zuba masa ido sai ya ce wani Bafulatani ne a Shanga ya ba shi jiƙo mai sabunta jini. Mutane suka ce ikon Allah, suna kallon baƙin da ya ɓata masa wuyan riga da gefen kunne.

Watanni suka wuce lafiya, yana shafawa duk lokacin da fari ya leƙo. Sai wata safiya ya tashi haɓarsa na ƙaiƙayi. Kafin sati ya zagayo fatar ta yi ja, ƙananan ƙuraje suka feso suna ruwa. Da farko abin ya taimaki ciniki. Manomi zai faɗi kuɗin buhu, Sahabi ya kai hannu gemu yana susa yana yamutsa fuska, sai manomin ya rage tun Sahabi bai ce uffan ba. Har aka fara kawo masa sasanta rigima, wai mutum ne mai zurfin tunani. A sahun salla ne kawai ba shi da mafita, ba halin susa, hawaye na zuba, na kusa da shi suna sha'awar irin tsoron Allahnsa.

Mahaifiyarsa, Inna Dudu, ta karɓi ragamar magani. "Wanga borin jini ne," in ji ta, "kuma kihi ne ya kawo shi." Aka hana shi kifi, a Yawuri, inda ƙamshin banda ke bin mutum har shimfiɗa. Bai daina susa ba, aka cire gyaɗa. Aka bi da ƙwai, da naman akuya, da kuɓewa, har daddawa Inna ta sa aka daina jefa masa a miya. Aka shafa man shanu, aka wanke da bagaruwa, aka turara shi cikin bargo har ya yi tari. Sahabi ya rame, wando ya fara zame masa. Gemun dai yana nan baƙi, domin duk sanda jan fatar ya nuna sai ya ƙara shafa garin ya rufe.

Ana haka aka ji labarin wata likitar fata, Sa'adiyya, ta zo daga Sakkwato ta sauka asibitin Yelwa, tana binciken ƙaiƙayi a jikin mutanen bakin tafkin Kainji. Zulai'atu ta matsa masa har ya je. Likita ta duba haɓar da kyau, ta ce, "Malam, me kake shafa wa gemun nan?"

"Ruwan alwala," in ji Sahabi.

"Shi kaɗai?"

"Haka Allah ya ba ni shi, Likita."

Ba ta yi musu ba. Ta ce gobe a kawo mata duk abin da ke taɓa fuskarsa. Washegari Zulai'atu ta biyo shi da ƙunshi, ta kwance bisa tebur: sabulun salo, turare, man shafawa, ɓawon albasa, hular sanyi. Can ƙasa sai ga 'yar kwalbar. Sahabi ya kalle ta, ya kalli rufin ɗaki.

"Ina kika samo wanga abu?"

"Bayan buhu na ukku, inda kake aje shi," ta ce. "Malam, ni hwa ke wanke matashin kanka."

Likita ta ɗiga kowane abu kaɗan-kaɗan a ƙananan filasta, ta jera masa a gadon baya, ta ce kada ruwa ya taɓa wurin kuma kada ya sosa sai jibi. Ya yi kwanakin yana tafiya a sandare, yana wuce kowace bishiya da kallon sha'awa. Da aka ɓare filastar, ko'ina lafiya lau sai wuri ɗaya da ya tashi ya yi ja: gurbin baƙin garin.

Sahabi bai sallama ba. "Na daɗe ina shahwa shi ba abin da ya same ni. Mi ya sa sai yanzu?"

Likita ta ce ai wannan tambayar ce ta kawo ta Yawuri. Ta yi masa bayani cewa a ƙarƙashin fata akwai masu gadin jiki. In baƙon abu ya shigo, da farko ba sa faɗa, sai su ƙare masa kallo su sanar da 'yan uwansu. In suka yanke cewa maƙiyi ne, duk ranar da ya dawo sai su taru a wurin, su saki wasu sinadarai da ke kumbura fata, suna tsikarar jijiya, mutum ya ji ƙaiƙayi. Susa kuma ƙara kiran su take yi. Abin da ba a gama ganewa ba shi ne dalilin da ya sa na wani ke tayar da hankali na wani kuma su ƙyale, shi ya sa take roƙon ya yarda ta ɗebi jininsa kaɗan.

Ya miƙa hannu, sannan ya rage murya. "To ba a lallashinsu? Ko ranar Juma'a kaɗai?"

"Ba sa mantuwa, Malam."

Ran nan wanzami ya kwashe gemun tas. Zulai'atu ta dafa masa kifi ragon ruwa, ya ci har ya kasa tashi la'asar sai da aka kama shi. Da man da likita ta ba shi fatar ta warke, Inna Dudu kuwa har ta rasu tana cewa hana shi daddawa ne ya yi aiki.

Gemun ya sake fitowa fari, ya bar shi. Amma daga nan kasuwar Yelwa ta samu masanin ƙaiƙayi. Ba wanda ya isa ya sosa jiki a gaban rumfarsa bai sha bayanin masu gadi ba. Mai cizon sauro, mai ƙazwa, wanda ƙaiƙayin gero ya shiga wa riga, duka asibiti yake tura su, ya ce su ce shi ya aiko su. Malamin asibiti ya jure har ranar da wani manomi daga Birnin Yawuri ya iso ƙofar asibitin da jakinsa mai goga jiki a bango. Malamin ya tako da ƙafarsa har rumfar, ya roƙi Sahabi don Allah ya tsaya kan albasa.