Tattasan da Bai Isa Gaza Ba

Gaisuwa ga masu karatun wannan mujalla. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibar lise ce, wato babbar sakandare, a garin Diffa, ƴar wani mai kanti da ya zo daga Damagaram. Ba ni da surutu. Idan baƙo ya yi sallama a gidanmu ɗaki nake shigewa da littafina, har yayyena suna tsokanata wai sun manta yadda muryata take. Amma ina da tsari, kayena, wato littafin rubutuna, ba a ganin gogewa a ciki, shi ya sa duk wasiƙar Faransanci da ta shigo unguwarmu ni ake kawo wa.

Maƙwabcinmu Babarbare ne, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu wajen Geskeru. Ya yi karatun Larabci a waje, ya dawo da mata Bafalasɗiniya, ƴar Gaza. Unguwa Balarabiya take ce mata, ni kuwa Inna nake cewa, ita kuma ta ce mini ƴata. Hausarta rabi Barbarci ce, rabi nuni da hannu. Mahaifiyarta tana Gaza, sun yi shekaru ba su ga juna ba. Ba ta da fasfo na kowace ƙasa, sai wata takardar tafiya ta ƴan gudun hijira wadda wa'adinta ya daɗe da ƙarewa.

A farkon shekarun casa'in aka nuna shugabannin Falasɗinawa da na abokan gabarsu a talabijin suna musabaha, aka ce sulhu ya zo. Ranar Inna ta yi guɗa irin tasu har mata suka leƙo. Ta sa na rubuta wa wani buro, ofishin hukuma a Yamai, roƙon a sabunta mata takardarta domin ta je ta ga uwarta. Sau uku na kwafe wasiƙar kafin in yarda da ita. Tun ba a amsa ba ta fara shiri. Ta zaɓi tattasai mafi ja a amfanin shekarar, ta shanya, ta haɗa da barkono, ta ɗinke a ƙaramin buhu. Ta ce mutanen Gaza ba sa cin abinci sai da yaji, kuma tsohuwarta za ta rantse na bakin tekunsu ya fi, amma ita ce za ta cinye rabin buhun.

Amsa ta zo wata rana da la'asar, Inna tana daka a tsakar gida. Sakin layi biyu ne. Na farko ya ce ba za su iya sabunta takardar ba. Na biyu ya ce hanyar da ta rage ita ce ta nemi takardun ƙasar nan ta wajen aurenta, mijinta ya zo da ita da kansa cikin wata uku. Na karanta a zuciyata sau biyu. Ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallon bakina, ta tambaye ni me suka ce. Na ji kaina ina cewa ana kan duba takardunta. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce in ajiye wasiƙar a wurina tunda ni ce mai adana abu.

A gidanmu ba a jefa wa babba mugun labari a fuska. Da kakata ta rasu a Damagaram, cewa aka yi wa mahaifiyata jikin ya yi tsanani, sai da ta isa ta ga tabarmi a ƙofar gida. Na ɗauka abin da na yi ke nan. Niyyata in gaya wa babana, shi ya gaya wa mijinta a masallaci. Amma hakan yana nufin in tsaya gaban babana in ce na yi wa matar maƙwabci ƙarya. Na saka wasiƙar cikin kayen tarihi na ce gobe. Goben ta zama jibi, jibin ya zama bayan jarrabawa.

Ƙaryar da ta fi cin raina ita ce ta biyu. Bayan wata guda mijinta ya tsayar da ni a zaure, ya ce yana tunanin hawa mota ya je Yamai ya ji inda aka kwana. Allah ya buɗe mini ƙofa a wannan lokaci, kalma ɗaya ta isa. Na sunkuyar da kai na ce sun ce a jira. Ya yi dariya, ya ce tunda ƴar lakwal, ƴar boko, ta ce a jira, shi wane ne da zai yi musu da mai Faransanci, gara ma ya koma wajen ban ruwa. Wata ukun suka cika ina ƙirga su rana rana. Shekara ta zagayo, rashin lafiya na kwana kaɗan ya ɗauke mijin Inna.

Daga nan na zama kamar wadda aka kulle. Na daina bi ta ƙofar gidansu, ita kuma ta ci gaba da aiko mini da abinci. Idan mun haɗu sai ta tambaya ko Yamai sun yi magana, in ce tukuna. Rediyonta kullum yana kan tashar Larabci: an zauna taro, an tashi, za a sake zama. Duk kaka sai ta farke buhun nan, ta raba tsohon tattasan ga maƙwabta, ta zuba sabo, wai ba za ta kai wa uwarta wanda ya kwana biyu ba. Mu ma ana ba mu. Da shi ake yi mana miya, ina ci ina sane da wadda aka ɗinke wa shi.

Bayan shekara ta dubu biyu faɗa ya sake ɓarkewa a can, maganar sulhu ta mutu. Ina hutun jami'a wasiƙar ɗan'uwanta ta iso. Da Larabci take, don haka ita ta karanta da kanta, babu mai sassauta mata: tsohuwar ta rasu, ta yi ta kiran sunanta. Bayan an watse daga zaman makoki na ɗauko wasiƙar Yamai, na durƙusa gabanta, na fassara mata kalma kalma, har da wata ukun.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana juya takardar da ba ta iya karantawa. Sannan ta ce tun tana yarinya manyan mutane suke zama a manyan tebura suna ce musu ana dubawa, a jira, har ta saba. Abin da ba ta zata ba shi ne za ta ji kalmar daga bakin wadda take ci a kwanonta. Ta ce da na ce mata a'a tun ranar, da ta yi kukan kwana biyu ta tashi ta nemi mota. Ta ce ta yafe, ta karɓe wasiƙarta, amma tun daga ranar ba ta ƙara ce mini ƴata ba, da sunana take kirana.

Na je buron da kaina daga baya. Sun ce an rufe maganar, sai a fara daga farko, a kawo takardar haihuwa daga Gaza, garin da wasiƙa ma da ƙyar take fita. Har yau muna kai. Ba zan ce da na faɗi gaskiya da tabbas ta isa Gaza ba, domin masu fasfo ma ana mayar da su daga kan iyaka. Amma ƙofar tata ce, ita ya kamata ta ƙwanƙwasa, ni na tsaya a gabanta.

Ku da Allah ya ba ilimin karanta wa wasu, ina roƙonku ku karanta abin da aka rubuta, ko da ba shi da daɗin ji. Na kira abin da na yi kunya da tausayi, amma kaina na tausaya wa. Inna tana nan Diffa, tana noma gonar mijinta tare da ƴaƴanta. Bana ma tattasai ya yi kyau, duka ta kai kasuwa, ba ta ware ko ɗaya ba.