Yajin Inna a Hazon Abha

Riyad

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Al-Naseem, ni da maigidana Injiniya, cikin bazarar 1986. Ƙanwata Bilki ce ta haihu a Abha, inda mijinta ke aikin asibiti. Babban kayana ƙunshi ɗaya ne: yajin jego da garin kunun kanwa da Inna ta daka da hannunta, ta aiko wani alhaji da su. Bayan wata guda Allah ya yi mata rasuwa. Daga wannan babu wani.

Tun a ƙofar gida rigima ta fara. Injiniya ya yi atishawa biyu, ya ce yajin nan ba zai zauna cikin mota ba, but ɗin motar kuma jarkokin ruwa sun cika shi. Ya ɗaure a saman mota cikin tsohon zanena.

Na ce, "Baban Sadik, a rufa leda mana."

Ya ce, "Leda? A ƙasar da kike shanya ta bushe kafin ki juya? Yalla, shiga mu tafi."

Na shiga. Riyad ta mantar da mu cewa abu na jiƙewa.

Kharj zuwa Wadi Dawasir

A shingen bayan Kharj ɗan sanda ya duba iƙamarmu ta zaman ƙasa da takardar izinin tafiya daga kafil, mai ɗaukar Injiniya aiki, ya nuna ƙunshin. Na ba shi ya shinshina, ya yi ta tari, ya ce, "Ma'assalama!" Daga nan rairayi ne da rana har la'asar. Muka ci shinkafar kabsa, muka kwana a wani masauki mai fanka ɗaya. Na sauko da ƙunshin na kwana da shi, da safe ya mayar sama.

Khamis Mushait zuwa Abha

Muna wuce Khamis sai ga farin hazo ya rufe hanya, ko motar gaba ba ka gani. Mutumin naku kuwa sai murna, kamar an yi masa albishir. Shi fa aikinsa na'urar sanyaya ɗaki ne, an zo gonarsa.

"Maman Sadik, kin san cikin girgije muke? Iska mai ɗumi ce ta hauro dutse daga wajen teku, ta yi sanyi, sai tururin cikinta ya koma ɗigo-ɗigon ruwa. Ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ba sa faɗowa."

Ya hura gilashi da baki, ya nuna mini dishi-dishin. Ya ce farin da ke tashi daga bakin buta ma haka yake. Har tsayawa ya yi a gefen hanya mu sha kallo, kusan awa guda. Ni kuma, wawiya, ina ta gyaɗa kai.

Da rana ta keto ta bayanmu, bakan gizo ya fito. Yana cikin bayanin yadda haske ke shiga ɗigo ya rarrabu launi-launi, sai na ga wani jan ruwa yana gangarowa ta gilashina.

Innalillahi! Na fita a guje. Zanen ya jiƙe sharkaf. Garin kunu ya zama kwaɓi, yaji ya cure.

Na ce, "Kai da bakinka ka ce ruwa ne! Awa guda kana karanta mini ruwa, kayan uwata na kanka suna sha!"

Ya ce, "Ai ban kawo ba..."

"Ba ka kawo ba? Ilimin ya tsaya a gilashi, bai hau saman mota ba?"

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abha

Na tarar da Bilki ta fito wankan jego, tururi na tashi a jikinta. Na ajiye mata ƙunshin. Garin kunu dai zubarwa aka yi. Yajin ta daɗe tana kallo, ta lakato da yatsa ta sa a baki.

Ta ce, "Yaya, Inna ta cika kimba. Kullum sai ta cika kimba."

Muka rungume juna muna kuka, jaririya na tayawa.

Komowa

Bayan suna muka juyo, Allah ya kawo mu Riyad lafiya, mun gode masa. Bilki ta raba curin biyu ta ba ni rabi. A cinyata ya zo har gida. Injiniya ya yi atishawa tun daga Abha har Al-Naseem, ban ce masa sannu ba ko sau ɗaya.