Amshin da Na Yi a Zauren Birmingham

A wancan lokacin ni mutum ne da ba ya son a lura da shi. Daga zangon Kumasi na zo Manchester, na shafe shekaru ina ɗaukar kaya a wani sito a Cheetham Hill. Boko ban yi ba, sai yanzu da furfura ta fito nake zuwa ajin manya, kuma da hannuna nake rubuto muku wannan. Abin da na fi ƙwarewa a kai a ƙasar nan shi ne sunkuyar da kai. A jirgin cikin gari, a wajen likita, a ko'ina, ina taka-tsantsan kada a ce baƙin nan sun cika hayaniya.

'Yata ta fari ta tafi jami'a a Birmingham karatun tsara kiɗa, irin wanda ake rubutawa a takarda, makaɗa su zauna da gogen Turawa da sarewa su bi. Wani abokina a masallaci ya yi ta tsokanata, wai 'ya'yan mutane likitoci, tawa zabiya. Nakan yi dariya in ƙyale shi. A unguwar Selly Oak ta yi haya gida ɗaya da wata 'yar Koriya, wadda mahaifiyarta mawaƙiyar gargajiya ce, irin masu tsayawa da mafici a hannu, mai ganga na zaune gefe, su rera labari da murya mai kauri. Waƙar ta shiga ran 'yata. Aikinta na kammala karatu shi ne ta haɗa muryar matar nan da makaɗan makarantarsu, kuma ta gaya mini da shi malamai za su yanke ko ta ci ko ta faɗi.

Ranar da za a yi kiɗan matata na wurin aiki, don haka ni kaɗai na sa babbar riga na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Zauren tsit, ko tari mutane haɗiye shi suke yi. Makaɗa suka fara a hankali, sai mawaƙiyar ta miƙe, ta buɗe mafici, ta saki murya. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma na san kukan rabuwa in na ji shi. Ta ja wani dogon baiti ta dire, mai ganga ya buga sau ɗaya, aka yi shiru. A wurinmu ba a barin mawaƙi cikin irin wannan shiru, amsa masa ake yi. Ban san sanda bakina ya buɗe ba, na ce gaskiya ne, Allah ya ƙara murya, da ƙarfi kamar ina filin biki a zango. Kawuna suka juyo. Wata mata a gabana ta ɗora yatsa a baki. Na hango 'yata a gefen dandali ta rufe fuska da tafukanta.

Nan na yanke wa kaina hukunci cewa na zubar mata da wahalar shekaru. Ana fara tafi na sulale na nufi tasha. Makonni na yi ina gudunta. In ta kira ni ba na ɗauka, in ta kira mamanta sai in ce a ce ina barci. Mamanta ta ce tunda take ba ta taɓa ganin uba na wasan ɓuya da 'yar cikinsa ba. Na ce ta bar ni, kunya ba ta da magani.

Wata Asabar aka ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu, na buɗe sai ga 'yata da mawaƙiyar. Ba hanyar gudu. Aka kawo wake da shinkafa irin namu na Kumasi, matar ta ci barkono ko ruwa ba ta nema ba. Sannan ta yi magana da ɗan Turancin da take ji, 'yata na ƙarasa mini. Ta ce ta zo ganin mutumin da ke amsa waƙa ya arce kamar ya saci akuya. Ta ce a ƙasarsu mai sauraron da ya yi gum marowaci ne, domin da ihun jama'a mawaƙi ke samun ƙarfi. Tun zuwanta Ingila bango take wa waƙa, sai ranar ta ji mutum mai rai, muryarta ta buɗe.

'Yata kuwa ta ce kuka ne ya sa ta rufe fuska. Tun tana ƙarama take jina ina amsa wa kaset a kicin, kuma saboda haka ta bar wannan shirun a cikin kiɗan, ko da yake ba ta zaci zan iya ba a gaban Turawa. Ta ci jarrabawar, duk da wani malami ya ɗan yi ƙorafi. Abin da ya yi mata ciwo shi ne da ta fito gaishe da jama'a ta duba kujerata, ta ga wayam. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Da aka sake yin kiɗan a wani zaure kusa da Hulme, nan Manchester, a layin gaba na zauna. Na ja abokin nan nawa mai tsokana. Matar na direwa na amsa, shi kuma ya fi ni ɗaga murya. Da 'yata ta fito, ina nan a tsaye ina tafi har hannuna ya yi zafi.

Na koyi cewa ba amshin ne laifina ba, gudun ne. Iyaye 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar mutane, kada tsoron idon baƙo ya sa ku raina abin da kuka zo da shi daga gida, domin wataƙila shi 'ya'yanku ke gini a kai. In kuna zaton kun ba su kunya, ku tsaya ku ji daga bakinsu. Ranar da yaro ya fito gaban jama'a, fuskar iyayensa yake nema. Ya same ku a kujerarku.