Da Rediyona Ya Kurumce a Nasim

Tun ina yaro a Zariya nake da cutar son jin maganar da ba ni aka yi wa ba. Mahaifina gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, ni kuma aikina in murɗa maɓalli in tsaya tsakanin tasha da tasha, inda ake jin shuu da wasu muryoyi can nesa. Da na zo Riyad aikin tuƙin motar rarraba kaya, na ɗauka na baro halin a gida. Ashe tare muka hau jirgi.

A haraj, kasuwar gwanjo, na yi kiciɓis da shi: wani baƙin abu mai kama da oba-oba, da doguwar eriya, a jibge cikin tsofaffin cazoji. Mai sayarwar bai san ko mene ne ba, ni kuwa kallo ɗaya na gane. Rediyo ne da ba ruwansa da waƙa ko labaran duniya, maganar ma'aikata kawai yake kamawa suna bakin aiki: matuƙan jirgi, 'yan kwana-kwana, motocin asibiti. Ba a magana da shi, saurare kawai ake yi. Na san ba abin da ake yawo da shi ba ne a ƙasar nan, don haka a ɗakinmu na unguwar Nasim cikin wata tukunya da ba ma girki da ita yake kwana, a saman kwaba.

Abokan ɗakina ƙwallo suke kallo a waya. Ni da na dawo aiki sai in jingina da bango in kunna abina. Na fi son layin is'af, wato motocin asibiti. Larabcinsu gudu yake yi, da farko sunan unguwa kawai nake tsinta, amma a hankali kunnena ya buɗe. Riyad ɗin da nake gani ta gilashin mota tsaf take, kowa ya rufe ƙofarsa. Ta cikin rediyo kuwa kullum wani ya faɗo daga bene, wata na naƙuda a mota, wani tsoho ya yanke jiki a masallaci. Ba na jin daɗin wahalar mutane, Allah ya sani. Amma sai nake jin garin ya yarda da ni, tunda yana magana a gabana.

Ba a daɗe ba mutanenmu suka gano. Duk wanda ɗan'uwansa ya yi jinkirin dawowa, ni zai kira. Suka laƙaba mini Gidan Rediyo, ina ta cewa ba na so, alhali har kaina kumbura yake yi. A layin ba sa faɗin suna. Suna dai faɗin wuri, da irin mota, wani lokaci su ce Ba'afirke ne. Mu kuwa mun san inda kowannenmu yake neman abinci, lissafin ba wuya.

Haka na ji rasuwar wani Bakano mai tuƙa tankar ruwa. Na ji titin, na ji irin motar, sannan na ji mai maganar ya sassauta murya ya ce wa motar da ke tafe ba sai ta yi sauri ba. Kafin magariba kawunsa ya shigo ɗakinmu yana haki. Na yi abin da kowane Bahaushe zai yi. Na kashe rediyon, na shimfiɗa masa darduma, na ba shi ruwa, na ce ban ji komai ba tukuna, a ɓoye kuma na aika a kira manya. Su suka faɗa masa a hankali, daga ya ji ciwo, zuwa jikin ya yi tsanani, zuwa sai haƙuri. Kowa ya yaba mini, aka ce na san ya kamata. Cikin manyan da suka zo ranar har da wani dattijo mutumin Maraɗi, ɗan dako a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, wanda duk muke kira Baba.

Wata rana na kunna layin is'af, sai na ji ƙurrr kamar injin markaɗe. Na canza batir. Na kwance bayan rediyon na busa. Na hau saman bene da eriya cikin rana tsaka, har abokan ɗakina suka ce sauran in fara tsince-tsince a bola. Layin 'yan kwana-kwana ma haka. Jirage kaɗai suka rage, suna ta Turancinsu na sauka da tashi, abin da ba ya kashe mini ƙishi.

Wani Basudane mai gyaran waya na kai wa. Ya saurara kaɗan ya miƙo mini.

"Rediyonka lafiya lau. Sun koma sabon tsari ne, an kulle muryar. In ba na'urarsu ba, babu mai buɗewa. Khalas."

Na ce wannan ai zalunci ne, mu da muke garin ba mu da haƙƙin sanin abin da ke faruwa a cikinsa?

Ya ce, "In matarka ce take naƙuda a mota, kana so wani ƙato yana jingine da bango yana saurare?"

Haushin dai bai tafi ba. Na sanar a zauren wayarmu cewa Gidan Rediyo ya rufe, aka yi ta yi mini tsiya. Baba ba ya zauren. Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, ta kira da amsawa.

Baba yana da ƙane, autan uwarsu, shi ma dako yake yi a Aziziya. Baba ne ya yi masa hanya ya zo, kuma da ƙyar tsohuwar ta yarda. Tana wani ƙauye a bayan Maraɗi, yanar ido ta rufe mata gani, duk Juma'a sai an kai mata waya ta ji muryar autanta kafin ta ci abinci. Wata safiya ƙanen ya fita bai dawo ba. Wayarsa a kashe. A ranar kuma aka yi ta raɗe-raɗin wata motar kayan lambu ta kife a hanyar Kharj da leburori a bayanta.

Washegari da la'asar Baba ya yi sallama a ƙofarmu. Ganin dattijo ya taso tun daga kudancin gari, na miƙe da sauri. Ina jin jirage ne, sai na kashe rediyon don girmamawa. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo ruwa. Ya bi hannuna da kallo, ya kalli rediyon, ya kalli ruwan, bai sha ba.

"Ɗana, mi ka jiya?"

"Baba, ban ji komai ba. Rediyon ya daina kama su, an kulle layin."

"To."

"Wallahi da gaske nake. Bari ka ji."

Na kunna masa, ƙurrr ɗin ya cika ɗakin. Ya saurara cikin ladabi kamar ana masa wa'azi.

"Ai ɗazu da ni shigo na ji mutane na magana cikinai."

"Waɗancan matuƙan jirgi ne, Baba."

"To. Jirgi." Ya ɗago ya dube ni. "Ka hwaɗa mini, ni ba yaro ba ne."

Na sake rantsewa. Na ce gobe in na tashi aiki sai mu zaga asibitoci tare. Ɗaya daga cikin abokan ɗakina, don neman lada, ya matso ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, sai dai a yi ta addu'a." Baba ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Allah shi yi maka albarka. Kana da hankali, tun wancan karon ni gani."

Na raka shi bakin titi ina jin daɗin yabon. Har na dawo ɗaki ban fahimci komai ba.

Da safe aiki ya kai ni Aziziya ɗaukar kaya. A bayan rumfunan albasa na tarar da mutanen Maraɗi da na Damagaram zaune a kan kwalaye, an ɗaga hannu ana addu'a, Baba a tsakiya. Na rage murya na tambayi na gefe wa ya rasu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ka ji da kunnenka?"

Na kutsa tsakiyarsu, ban ma yi sallama ba. Na ce jama'a ku tsaya, ni ban ji komai ba, ban ce kowa ya mutu ba, rediyon nan ya daɗe da kurumcewa, ku tambayi duk wanda ke zauren waya. Wani dattijo ya kamo rigata ya zaunar da ni.

"Ya isa, malam. Ka yi naka ƙoƙari. Ya riga ya sani, ya kuma ɗauki haƙuri."

Duk rantsuwar da na ƙara, sai su ƙara tausaya mini. Waɗanda suka san an kulle layin ma suka ce wa ya sani, ƙila Gidan Rediyo yana da wata hanyar. Na ce to ina gawar? Suka ce kafilin yaron, wato ubangidan da takardun zamansa ke hannunsa, ba ya ɗaukar waya, kuma kowa ya san a nan gawar baƙo takan daɗe kafin a sake ta. Sannan aka gaya mini abin da ya sa na ji kasuwar tana juyawa da ni: tun jiya Baba ya buga gida. An yi wa yaron salla a ƙauye, matarsa ta shiga takaba, an kuma faɗa wa tsohuwa.

Na dubi Baba na ce, "Don me ba ka jira ni ba?"

Ya ce, "Ka kashe rediyo, ka ba ni ruwa. Mi ya rage in jira?"

Kwanakin da suka biyo ban yi aikin kirki ba. Ina sauke kaya sai in nufi asibiti, in tsaya a gaban tebur da Larabcina na rediyo ina kwatanta mutum. Babu shi a masu rai, babu shi a matattu. Motar da aka ce ta kife ma ban samu wanda ya gan ta da idonsa ba. Na kawo wa Baba wannan labari ina murna, ya ce Allah ya saka, in daina wahalar da kaina. Na yi fushi da shi, na yi fushi da masu kulle layi. Da a ce rediyon yana kama layin, da tun ranar na ce masa babu motar da ta kife, ko in ce ga asibitin da aka kai su. A ɗaki in na kunna ƙurrr ɗin sai in ji kamar in maka shi da bango, don na san amsar tana ciki.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a ɗakin su Baba, ana ta shigowa gaisuwa jefi-jefi. Sai aka yi sallama, mutum ya shigo da ƙatuwar kankana a kafaɗa, ya yi baƙi ƙirin, leɓɓansa sun tsattsage. Wanda ke kusa da ƙofa ya fice a guje ba takalmi. Sauran muka daskare. Ni dai na ji bakina yana salati, ban san lokacin da na fara ba.

Ƙanen Baba ya ajiye kankanar ya dube mu.

"Lahiya? Wa ya rasu?"

Baba ya rarrafa, ya kama ƙafarsa, ya shafa gwiwarsa, ya shafa fuskarsa, sannan ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar da ya yanke cewa ya mutu. Ashe kafilinsa ne ya tare shi a bakin kasuwa ya ce hau mota, ya kai shi gonarsa can cikin sahara ɗiban kankana. Babu sabis a wurin, wayar ma ta mutu, kuma ba wanda ya tambaye shi ko yana da wanda zai sanar.

Nan take aka buga gida. Matarsa ta ji muryarsa ta saki ihu, muna jiyo gidan ya kaure. Sai aka kai wa tsohuwa wayar, aka buɗe murya kowa na ji.

"Inna, ni ne. Ban mutu ba, gona anka kai ni."

Tsohuwa ta ce, "Wane ne?"

"Autanki ne, Inna."

"Allah sarki. Bawan Allah, muryarka ta yi kama da tashi. Su wa sunka sa ka?"

Ya faɗi sunan da take kiransa da shi tun yana goye. Ya faɗi tabon da ke ƙafarsa da yadda ya same shi. Ta ce duk wannan yayansa ya sani, zai iya koya wa kowa. Baba ya karɓa ya rantse mata. Aka kunna hoton bidiyo a wayar wani, mutanen gidan suka ce ga shi nan suna ganinsa, ita kuwa ba ta ganin komai sai haske.

"Na san don ba ni cin abinci kuka shirya wanga," in ji ta. "Ni ma na yi ma wasu hakanan, ba laihi ba ne. Ku bar ni, na riga na ba Allah."

Tafiya gida ba a hannunsa take ba, sai hutunsa ya zo kuma kafili ya sa hannu. Don haka duk Juma'a yakan kira, ita kuma takan karɓa, don ba ta iya wulaƙanta baƙo. Tana tambayarsa aiki, tana tambayarsa zafi, tana sa masa albarka saboda ɗawainiyar da yake yi da tsohuwar da bai sani ba. In za su rabu sai ta roƙe shi, tunda yana ƙasa mai tsarki, ya riƙa sa autanta a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Makonni yana musu da ita, wani lokaci har da hawaye. Ina zaune kusa da shi ranar da ya gaji, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna. Ina sa shi."